Kwana Goma Kafin Arba'in ɗin Baba

A ofishinmu akwai wata al'ada da ba a rubuta ta a ko'ina ba. Idan ma'aikaci ya rasu, ba a taɓa teburinsa sai ya cika kwana arba'in. Ba a ɗauke kujerarsa, ba a jan durowarsa, ko kofin shayinsa ba a gusarwa. Mai shara za ta zo ta goge gefen takardunsa ta wuce. Washegarin sadakar arba'in iyalinsa za su turo mutum, a buɗe durowar a gabansa, a ware kayan ofis, a ba shi na mamacin. Musulmi ne ya rasu ko Kirista, haka ake yi. Har abokan aikinmu da ke cewa sadakar arba'in ba ta da tushe a addini, in ka ce su ja durowar mamaci kafin ranar sai ka ga uzuri ya taso musu. An ce abin ya faro ne tun wani direba da ya rasu kafin zuwana, matarsa ta zo karɓar wata takarda kwana huɗu da binne shi, ta tarar da wani yana shan shayi a kofin mijinta.

Na san wannan al'ada kamar yadda na san hanyar gidanmu, kuma har yau ina ganin kyanta. Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne za ta haɗa kai da aikin hannuna su cinye amanar da wani dattijo ya ba ni.

Ƙungiya ce mai zaman kanta, aikinta haƙa rijiyar burtsatse da gyaran famfuna a ƙauyuka, ofishinmu kuma wani gidan haya ne a cikin Gombe. Ni ne mai kula da kwamfutoci. Injiniya suke ce mini, alhali difloma ce da ni, amma da yake sunan bai yi mini nauyi ba ban taɓa gyara wa kowa ba. Ina da saurin fushi, wannan daga maigadi har shugaba babu wanda bai sani ba. Mahaifiyata takan ce tun ina goye nake faɗa.

Kuma aikin yana ba ni dalilin faɗan. Manhajoji shida muke aiki da su, kowace ta wani kamfani daban a ƙasar waje: ta imel, ta neman hutu, ta rahoton masu fita ƙauye, ta taron bidiyo, ta odar kayan aiki, da ta ajiyar fayiloli. Kowace da kalmar sirrinta. Kafin in ajiye jakata da safe, ban ma huce gajiyar keke napep daga unguwarmu Tudun Wada ba, wani ya leƙo.

"Injiniya, na manta fasuwod."

"Wanne?"

"Wallahi shi ma na manta."

Akwai mai rubuta nasa a bayan katin shaidarsa yana yawo da shi a wuya. Akwai wadda ta rubuta nata a kalandar bango, kowane wata da nasa. Saboda haka ranar da hedikwata ta aiko da umarnin a haɗa komai a ƙofa ɗaya, na ji kamar an sauke mini buhu daga ka.

Abin ba shi da wuyar ganewa. Akwai kundi guda na sunayen ma'aikata, ba a ofishinmu yake ba, yana can cikin kwamfutocin wani babban kamfani a intanet, abin da 'yan sana'armu ke kira kilawud. Mutum zai shiga da kalmar sirri ɗaya, kundin ya tabbatar shi ne, sauran manhajojin kuma su daina tambayarsa komai, su yarda da shaidar kundin. Kamar maigadi ne da in ya gane fuskarka a get, babu mai sake tsayar da kai a ƙofar kowane ofis.

Yinsa ne wahala. Sai da na gabatar da manhajojin ga kundin ɗaya bayan ɗaya. In kwafo adireshi daga can in liƙa nan, in ɗauko takardar shaidar kundin in loda a can, in gwada, ta ƙi, in shafe awa biyu kafin in gano harafi ɗaya ne ya ɓata. Ana cikin haka sabis ya ɗauke. Ga kuma sunayenmu: mutum ɗaya a imel sunan mahaifinsa ne a gaba, a manhajar hutu sunan garinsu ya maye gurbin na mahaifin, a ta rahoto kuma laƙabinsa ya sa. Kundin bai san wasa ba, sai ya ɗauka mutum uku ne. Sati uku na yi ina wannan aiki, na yi faɗa da kusan kowa.

Ɓangaren ƙarshe shi na fi alfahari da shi. Na haɗa kundin da manhajar sashen ma'aikata, ta yadda in aka ɗauki sabon ma'aikaci ƙofofin shida za su buɗe masa da kansu, in kuma aka sa alamar ya bar aiki su rufe gaba ɗaya. A shafin haɗa manhajar ajiyar fayiloli akwai wani layi da ƙananan haruffa na Turanci, yana cewa duk akawun ɗin da kundi ya rufe, kamfanin zai riƙe kayan cikinsa kwana talatin, sannan ya goge su, gogewar da ba dawowa. Ba zan yi ƙarya in ce ban gani ba. Na karanta, na ce a raina wata guda ai ya ishi kowa kwashe kayansa, na danna na yarda. Ina tuna ranar sarai, da ledar ƙosai a gefen kwamfutata tana hucewa.

Daga nan na fara bi tebur tebur ina nuna wa mutane yadda za su shiga. A haka na iso wurin Baba na rajista.

Shi ne ya fi kowa shekaru a ofishin, kuma shi ke tsare fayilolin takarda tun kafin a san za a kawo kwamfuta. Dogo ne siriri, ba ya sauri a magana ko a tafiya. Terawa ne su, daga wani ƙauye ta wajen Deba, amma ya kai shekara talatin a unguwar Dawaki a nan cikin Gombe. Shi kaɗai ne ban taɓa ɗaga wa murya ba, aƙalla zuwa lokacin. Kalmomin sirrinsa shida suna cikin wani ɗan littafi da yake ɗaurewa da roba.

"Wato ɗaya tak?" ya tambaye ni.

"Ɗaya tak, Baba."

Ya ɗauko rula ya ja layi a kan biyar ɗin, a hankali, kamar yana rufe fayil. "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Tun da aka kawo kwamfuta gidan nan, yau ne aka fara tausaya wa tsoho."

Har na miƙe ya ce tunda na zauna in duba masa wayarsa, kullum sai ta ce ta cika, ko hoto ba ta karɓa. Na buɗe na ga sautin murya da aka ɗauka sun fi saba'in, wasu sun kusa awa guda.

"Baba, duk wa'azi ne wannan?"

"Muryar Inna ce," ya ce.

Mahaifiyarsa ce, ta rasu a daminar da ta wuce, tsohuwa tukuf. Shekara biyu kafin rasuwarta, duk ƙarshen wata yakan je ƙauye ya ajiye wayar a kan tabarma gabanta ya bar ta ta yi ta magana da yaren Tera. Sunayen kakanni bi da bi, inda suka taso kafin su zauna a ƙauyen, wa ya auri wa, waƙoƙin da suke yi a bakin dutsen niƙa. Ya ce a danginsu ita ce ta ƙarshe da ta riƙe waɗannan abubuwa a ka, shi kansa rabin sunayen a bakinta ya fara ji. Yana da 'ya ɗaya da ta rayu, malamar firamare, a Dawaki aka haife ta, yaren nata bai wuce gaisuwa ba.

"Laifina ne, ni na yi ta yi mata Hausa," ya ce. "In na yi ritaya zan zauna in rubuta mata ma'anar kowanne, sannan in ba ta duka. Ba na son ta ji abin da ba ta gane ba ta ƙosa."

Ya kunna mini ɗaya. Muryar siririya ce, tana rawa, tana hawa tana sauka. Can tsohuwar ta fara waƙa, ta yi baiti biyu, numfashinta ya gaza, sai ta fashe da dariya, shi ma na ji tasa dariyar a ciki. Wani zakara ya yi cara kusa da wayar har sautin ya fashe. Ban gane kalma ɗaya ba. Na ɗago na ga Baba yana kallon bango yana motsa leɓe tare da ita.

Doka ta hana ajiye kayan gida a manhajar ofis, kuma ni na rubuta dokar da hannuna. Amma wa zai kalli Baba ya karanta masa doka? Na buɗe masa folda a cikin akawun ɗinsa na ajiya, na kwashe muryoyin duka na zuba. Da na zo gogewa daga wayar don ta samu wuri, ya riƙe wuyan hannuna.

"Ka tabbata?"

"Baba, can ya fi wayarka tsaro. Waya a cikin keke ake zare ta a unguwar Bolari. Wannan kuwa ko ofishin nan ne ya ƙone suna nan."

Ya sake ni, na goge. Sannan na ce don dai kada a bar su wuri ɗaya, ya samo filashi, ɗan abin ajiyar fayil da ake soka wa kwamfuta, in kwafa masa ya ajiye a gida. Washegari kafin in iso ya ajiye mini shi a kan tebur, sabo, ya liƙa masa 'yar farar takarda da salatif, ya rubuta da irin rubutunsa na rajista: Muryar Inna.

Ranar sabis ba shi da kyau, fayilolin kuma manya ne. Na jefa filashin a durowata na ce gobe. Gobe ta zama sati. Ya tuna mini sau ɗaya, na ce to. Da ya tuna mini na biyu ina tsakiyar kokawa da manhajar taron bidiyo da ta ƙi karɓar kowa, ban ko ɗago ba na ce, "Haba Baba, ai ba guduwa za su yi ba." Ya ɗan tsaya, ya ce, "Haka ne, ɗana," ya juya. Bai sake tambayata ba.

A cikin watan ne kuma na yi wa Madam abin da har yau nake jin kunyarsa. Ita ce mai kula da sashen ma'aikata, mutuniyar Kaltungo, ta girme ni nesa ba kusa ba, kuma ita ke sa alamar da ke rufe ƙofofin. Wani ma'aikacin fili ya yi faɗa da shugaba ya ajiye aiki, bayan sati biyu na gano yana nan yana shiga imel daga gidansa yana karanta wasiƙun ofis, saboda Madam ba ta sa alamar ba. Ta ce tana sa rai za a sasanta ne. Zuciya ta ɗebe ni, na tare ta a baranda a gaban mutane na yi mata tatas.

"Madam, wannan ba fayil ɗin takarda ba ne da za ki ajiye sai kin ga dama! Duk wanda ya bar aiki, ko wane ne, ko ta wace hanya ya bari, a ranar za ki sa alama. A ranar! Ba gobe ba!"

Ta kalle ni ta ce, "Na ji, Injiniya." Daga ranar ba ta sake kuskure ba.

Baba ya rasu wata Litinin da safe. Ya yi alwala zai fito, ya zauna a bakin ƙofar ɗakinsa ya ce kansa na juyawa, kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Hawan jini ne, an ce ya daɗe da shi. Labarin ya iso ofis muna shirin taron mako. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa. Na dawo da ƙasar maƙabarta a takalmina na tarar da teburinsa yadda ya bar shi ranar Juma'a, rularsa a kan fayil, hularsa ta ajiya rataye a ƙusa. Na shiga ofishina na rufe ƙofa na yi kuka, abin da rabona da yi tun rasuwar mahaifina.

Madam kuwa, daga baya na sani, ta dawo daga gidan rasuwar idanunta jawur, ta zauna, ta buɗe manhajarta, ta sa alama a gaban sunansa. A ranar, kamar yadda na ce. Kundin ya rufe ƙofofin Baba shida kafin la'asar, kamfanin ajiya kuma ya fara ƙirga kwanakinsa talatin.

Ranar sadakar bakwai muka koma Dawaki. Muna shirin tafiya aka ce 'yarsa tana son ganina. Ta fito zaure cikin dogon hijabi, ta durƙusa nesa kaɗan. Tana da tsayinsa, da irin jinkirin maganarsa.

"Injiniya, Baba ya ce muryar Inna tana wurinka."

"Tana nan, Malama, babu abin da ya same ta."

"Ko zan iya samu? Akwai tasa muryar a ciki. Ba ni da wani wurin da zan ji shi."

Da a ce na amsa mata da to, da zuwa yammacin ranar an gama. Amma sai na gyara tsayuwa na yi mata bayanin al'adar ofishinmu, har da labarin direba da kofin shayi. Na ce kayan Baba, na durowa da na kwamfuta, babu mai taɓawa sai arba'in, don girmama shi. Na faɗa da wani irin jin kai, kamar ina yi mata alheri. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah ya kai mu."

Wajen kwana goma sha biyu da rasuwar ina duba kundin saboda wani aiki daban, idona ya faɗa kan sunansa. Ya yi fari fari, alamar an rufe. Na san Madam ce, kuma ban ga laifi ba. Na ce a raina rufewa ai ba gogewa ba ce, sunan yana nan a kundi, duk ranar da na so zan buɗe. Gaskiya ne game da kundin. Manhajar ajiya kuwa tana da nata lissafin, kuma layin nan mai ƙananan haruffa ya fita daga kaina fit, kamar ban taɓa karanta shi ba. Har na ja durowata na ga filashin. Aikin minti biyar ne in buɗe akawun ɗin, in bar muryoyin suna sauka in ci gaba da harkata. Sai na ji kamar zan tura hannu a aljihun mamaci. Na mayar da durowar na rufe. An ce kamfanin yakan aiko da gargaɗi kafin ya goge, kuma ya aiko, zuwa imel ɗin Baba, wanda shi ma a rufe yake.

Washegarin arba'in 'yar ta zo ofis da hantsi. Shugaba ya tsaya, Madam ta tsaya, aka ja durowar Baba. Carbi, tabarau a cikin gidansa, ƙwayoyin hawan jini da bai shanye ba, ragowar goro ya bushe a takarda, da ɗan littafin nan mai roba. Ta karɓa ɗaya bayan ɗaya tana sawa a jaka. Sannan na ce ta biyo ni, na ba ta kujera, na ciro filashin na ajiye a tebur da ƙarfin gwiwa.

Na buɗe akawun ɗin Baba a kundi, na shiga. Ƙofa ɗaya ta yi aikinta yadda na gina ta, ko tambaya babu. Manhajar ajiya ta buɗe, ta yi wa Baba maraba a matsayin sabon shiga, tana nuna masa inda zai danna ya ajiye fayil ɗinsa na farko. Babu folda. Na duba kwandon shara, babu komai. Na fita na sake shiga, haka na tarar. A lokacin layin ya dawo mini, har da ledar ƙosan. Na ƙirga a raina daga Litinin ɗin da ya rasu. Kwana goma kafin arba'in aka goge su, muna nan muna zagaye teburinsa a hankali kada mu taɓa kofinsa.

"Sabis ne?" ta tambaya.

Na ce e, sabis ne, ta ba ni sati guda. Wannan ita ce ƙaryar da na yi mata.

Satin nan ban bar ƙofar da ban ƙwanƙwasa ba. Na rubuta wa kamfanin sau huɗu, na farko da roƙo, na ƙarshe da zagi. Suka amsa cikin ladabi mai ƙona rai, suka yi ta'aziyya, suka nuna mini layin da ranar da na danna na yarda. Na kira na sama da ni a hedikwata, ya ce me ya kai kayan gida manhajar ofis. Na aika aka karɓo mini tsohuwar wayar Baba na kai wa masu gyara a Bolari, mutum uku suka gwada, suka ce wata da watanni hotuna da saƙonni sun hau kan wurin, babu abin da za a tono.

Ana cikin haka Madam ta shigo ofishina, ta rufe ƙofa, ba ta zauna ba.

"Injiniya, ni ce ko? Alamar da na sa ce?"

Allah ya sani na so in ce ita ce. Na so ƙwarai. Na yi shiru har shirun ya yi tsawo. Sannan na ce, "A'a Madam, abin da na ce ki yi kika yi. Ni ne." Ta gyaɗa kai ta fita. Amma ta riga ta ji shirun, kuma tun ranar gaisuwarmu ba ta wuce gaisuwa.

Ranar Asabar bayan la'asar na hau keke zuwa Dawaki da filashin a aljihu. Ban san me ya sa na ɗauko shi ba. Aka shimfiɗa mini tabarma a zauren da muka zauna makoki, 'yar ta fito ta zauna a bakin ƙofar ciki. Na gaya mata komai. Na faɗi kwana talatin, na faɗi yadda na goge wayar da hannuna, da tunin da mahaifinta ya yi mini sau biyu da amsar da na ba shi, da cewa ranar da ta roƙe ni a zauren nan muryoyin suna nan lafiya. Na so ta yi faɗa. Ni mutum ne da ya san yadda ake karɓar faɗa, na saba bayarwa.

Ba ta yi ba. Ta dubi ƙasa ta ce, "Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya, Malama."

"Allah ya sa haka ne mafi alheri." Ta share ido da gefen hijabi. Can ta ce, "Kai ka taɓa ji?"

Na ce sau ɗaya, ya kunna mini guda.

"Ni ban taɓa ba. Kullum sai ya ce in bari ya rubuta tukuna. Me ta ce a ciki?"

Na ce ban sani ba, ba na jin yaren. Na gaya mata abin da nake da shi: muryar siririya ce, ta fara waƙa numfashinta ya gaza ta yi dariya, mahaifinta ma ya yi dariya, zakara ya yi cara. Ta sa na maimaita. Ta tambaya ko na riƙe karin waƙar. Na gwada a raina, babu. Duk abin da ya rage na shekara biyun da Baba ya yi yana zuwa ƙauye, da sunayen kakanninta, shi ne wannan ɗan bayani a bakin mutumin da bai gane kalma ɗaya ba.

Na ciro filashin don in nuna mata cewa mahaifinta ya yi nasa, ya saya, ya kawo, ni ne ban yi nawa ba. Ta miƙo hannu.

"Babu komai a ciki, Malama."

"Na sani," ta ce. "Rubutunsa ne a jiki."

Na ba ta. Ta shafa 'yar takardar da babban yatsa, inda salatif ya fara ɗagowa ta danne shi. Ta yi mini godiya da na taso tun daga Tudun Wada, ta ce in gaida mutanen gida.

Ranar Litinin na shiga manhajar ajiya na canza tsarin, yanzu in an rufe akawun kayan cikinsa suna komawa wata folda a hannuna, babu abin da ke gogewa. Minti goma bai cika ba na gama. Zaɓin yana nan tun farko, a ƙarƙashin layin da na danna, ban dai duba ba. Ƙofa ɗaya tana aiki lafiya har yau, hedikwata ma ta yaba, ba mai leƙowa ya ce ya manta fasuwod. Da safe nakan zauna shiru babu mai damuna, in buɗe kundin, in wuce sunan Baba da har yanzu ban iya cirewa ba.